Halin Shanu: Lafiyayye da Mafaɗaci

Duk wanda ya taɓa shiga kara ran kasuwa ya san yadda a ke cinikin sa. Mai saye ya kan duba tozo, ya shafa haƙarƙari, ya matsa gindin wutsiya ya ji ko da kitse, ya buɗe baki ya duba haƙora. Amma da wuya ka ji ya tambayi dillali ya ce, "Yaya halinsa?" In ma ya tambaya, to, takarkari ya ke nema, ko kuwa na huɗa. In na yanka ne, sai ya ce ina ruwansa da hali, tun da ya ke wuƙa za a sa masa.

To, da ruwansa ƙwarai. A cikin wannan ɗan littafi za mu nuna maka cewa halin sa yana shiga cikin namansa, yana kuma shiga cikin aljihun mai shi. Mutanen waɗansu ƙasashe sun daɗe suna auna wannan abu da ma'auni da agogo, sun rubuta abin da suka gani. Za mu faɗa maka abin da suka samu, sa'an nan mu gwada shi da abin da makiyayan ƙasarmu suka sani tun kaka da kakanni.

Asalin abin

Saniyar da ka ke gani a ruga, da can naman daji ce. Kakanninta waɗansu manyan shanun jeji ne masu dogayen ƙahoni, sun fi na yanzu girma nesa. Yau wajen shekara 10,000 ke nan da mutanen da ke zaune wajen kogin Furatu suka fara kama su suna kiwo. Masu tozo kuwa irin namu, an fara kiwonsu daga baya, a kwarin kogin Indus, inda ƙasar Pakistan ta ke yanzu. Ragowar na jejin suka yi ta ƙarewa, har ta ƙarshensu ta mutu a wani daji na ƙasar Polan cikin shekara ta 1627.

Ka tuna da ɓauna. Ga ta da nama, ga ƙarfi, amma har yau ba wanda ya tara garken ɓauna yana tatsa. Abin da ya raba ta da saniya hali ne. Mutanen farko suka riƙa ajiye shanun da suka yarda a kusance su, suna yanka masu taurin kai, a hankali a hankali har iri ya yi sanyi. Amma sanyin nan bai game duka daidai ba, shi ya sa har gobe a garke guda a kan sami wadda yaro ke jan kunnenta, a sami wadda ba ta yarda ko inuwarka ta taɓa ta.

Ga wani abu da ya kamata ka riƙe tun daga nan. Yawancin abin da mu ke kira faɗa wurin shanu, tsoro ne. Saniya abincin zaki ce da kura, an kuwa halicce ta da shirin gudu. Idanunta a gefen kai su ke, tana ganin kusan ko ina kewaye da ita ba tare da ta juya ba, sai ɗan wurin da ke bayan wutsiyarta kaɗai ba ta gani. Kunnenta ya fi naka jin ƙara mai tsini. In abu ya ɓullo mata farat ɗaya, ba ta tsayawa bincike, sai gudu. In ta rasa hanyar gudu, sa'an nan ne ta ke sa ƙaho ko ta yi harbi. Mutum ya ga haka ya ce muguwa ce, alhali kuwa ranta ta ke ƙoƙarin ƙwata.

Ƙasashen shanun nama

A ƙasarmu saniya ta nono ce tukuna, nama daga baya. Ko wace safiya hannun mutum yana jikinta. Amma a Amurka, da Ostareliya, da Barazil, da Ajantina, akwai garkuna manya manya waɗanda ba a tatsarsu ko kaɗan, don nama kaɗai a ke kiwonsu. A arewacin Ostareliya akwai makiyaya mai shinge wadda mahayin doki zai yi kwanaki bai kewaye ta ba. A kan saki shanu ciki su yi ta yawo su kaɗai, sau ɗaya ko sau biyu a shekara a tattaro su da dawaki da babura, wani lokaci har da jirgin sama mai saukar ungulu.

In an tattaro su, sai a kora su cikin wani lungu na katako ko na ƙarfe, wanda faɗinsa bai wuce sa ɗaya ba, kamar wanda ka ke gani wurin huji. A ƙarshen lungun akwai akurkin ƙarfe mai maƙale wuya. Nan a ke yi wa dabba allura, a sa mata lamba, a fiɗiye maza, a ƙone tushen ƙaho. Ka duba fa, maraƙin da aka haifa a jeji, ran da ya fara ganin mutum kusa, ran nan ne aka sa masa wuta da wuƙa. Ina zai ƙaunaci mutum?

Don haka a waɗannan ƙasashe maganar hali ta zama babba. Sa ɗaya mai firgita ya kan karya shinge, ya ji wa ma'aikaci rauni, ya watsa garken da aka yini ana tarawa. Masu dukiya suka ce wa masana su nemo musu hanyar gane irin wannan dabba tun tana ƙarama.

Yadda a ke auna hali

Hanya ta fari da ido ce. A kan sa dabba cikin akurkin nan, mutum ya tsaya gefe yana kallonta, ya ba ta lamba daga 1 zuwa 6. Mai lamba 1 ita ce lafiyayya, ta shiga a hankali, ta tsaya shiru, in an buɗe ta fita tana tafiya. Mai 2 tana ɗan motsi, tana kaɗa wutsiya, tana ja da baya. Mai 3 ba ta da natsuwa, tana ta turo kai tana janyewa, amma dai ana iya aiki da ita. Mai 4 tana tsalle, jikinta na rawa, bakinta na kumfa, da an buɗe sai ta fita a guje, in an saka ta cikin shinge ta yi ta bin gefensa tana neman kafa. Mai 5 ta haɗa tsoro da faɗa, ta kan taso wa mutum in ya shiga wurinta shi kaɗai. Mai 6 kuwa ita ce wadda ke neman kashe mutum. A kan yi awon nan sa'ad da aka yaye maraƙi, ko kuwa ya shekara ɗaya, don tsohuwar saniya ta saba da akurki, ta kan ɓoye halinta.

Amma ido yana da son rai. Abin da wani ya ba 2, wani ya ba shi 3. Sai wata masaniya a Ostareliya, sunanta Heather Burrow, ita da abokan aikinta suka fito da wata dabara cikin 1988. Suka kafa na'ura mai haske guda biyu a bakin akurki, tsakaninsu bai kai mita 2 ba. In dabba ta fito ta gitta ta farko, agogo ya tashi, in ta gitta ta biyu ya tsaya. Lafiyayya ta kan fito tana taku ɗai ɗai, mai firgita kuwa kamar kibiya. Agogo ba ya son kowa, ba ya ƙin kowa. Abin mamaki, dabbar da ta fita a guje yau, in an sake gwada ta bayan watanni, galibi ita ce dai za ta sake fita a guje. Ashe Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce hali zanen dutse ne, ko da ya ke za ka ga nan gaba wannan dutse yana ɗan gogewa.

Abin da tsoro ke ci

Yanzu mu zo ga kuɗi. A Amurka, in maruƙa suka tasa, a kan kai su wurin turka, watau manyan shingaye inda a ke zuba musu masara da sauran abinci har su yi ƙiba. Cikin 1997 masana na jami'ar Jihar Kolorado suka buga labarin wani gwaji da suka yi da shanu fiye da 400 a irin wannan wuri. Suka ba ko wace dabba lambar hali, suka auna nauyinta. Cikin fiɗiyayyun shanu marasa tozo, waɗanda suka fi natsuwa sun ɗara waɗanda suka fi firgita da giram 190 ko wace rana. Kada ka rena wannan. Yi lissafi da kanka: cikin kwana 100 ya zama kilo 19. Abinci ɗaya, ruwa ɗaya, shinge ɗaya, amma wannan ya fi wancan da kilo 19. Je ka tambayi mahauci abin da kilo 19 ke yi a kasuwa.

Dalilin ba boyayye ba ne. Lafiyayyen sa ya kan ci ya ƙoshi, ya kwanta yana tuƙa. Mai firgita kuwa kansa a sama, da an yi motsi ya bar kwami ya koma lungu, in ya dawo waɗansu sun cinye mai kyau. Ban da wannan, tsoro ya kan sa jiki ya zubo waɗansu sinadarai cikin jini, zuciya ta yi ta bugawa, jiki ya shiga ƙone abin da ya tara don shirin gudu. Wannan shiri yana da amfani in kura ce ta taso sau ɗaya. Amma in kullum dabba cikinsa ta ke, sai ya cinye ta, ya kuma rage mata ƙarfin tsare kanta daga cuta. An lura shanun nan masu firgita sun fi kamuwa da ciwo in an kai su sabon wuri, matansu kuma ba su cika ɗaukar ciki kamar lafiyayyu ba. Saniyar da ta tsallake shekara ba ta haihu ba, ta ci ciyawar shekara a banza.

Nama kansa ya kan ba da shaida. A cikin tsokar dabba mai rai akwai wani irin sukari da jiki ke ajiyewa don aiki. Bayan an yanka, sukarin nan ya kan juya a hankali ya zama ɗan tsami, irin tsamin nan da ke mai da madara nono. Harshe ba ya jinsa sosai, amma shi ne ke sa nama ya yi ja mai haske, ya kuma jima bai lalace ba. To, in an wahalar da sa kafin yanka, da gudu da duka da faɗa da baƙin shanu, ga yunwa, sai ya ƙone sukarin nan tun yana da rai. In an yanka ba abin da zai zama tsami. Naman ya kan fito baƙi-baƙi, da tauri, yana danƙo a hannu, ya kuma yi saurin wari. A ƙasashen Turawa irin wannan gawa a kan rage mata kuɗi nan take. Mahaucinmu da ke sayar da namansa ran da ya yanka bai cika jin wannan hasara ta launi ba. Amma saurin lalacewa a ƙasa mai zafi ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk inda sanda ta sauka da ƙarfi jini ya kan kwanta, sai an yanke wurin an yar.

Gado

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In kana so ka ga iyakar abin da gado ke yi, dubi ƙasar Sifen. A can akwai wasan da a ke yi na mutum da bijimi a fili, akwai kuma masu kiwon shanu musamman don wannan wasa. Su faɗa su ke nema. Su kan gwada karsana tun tana ƙarama, in ta taso wa mahayi ba ja da baya sai a ajiye ta don haihuwa, in ta yi sanyi a kai ta mayanka. Da haka, ɗa bayan ɗa, suka sami irin shanun da ba a shiga garkensu da ƙafa. Mu ma mahautanmu in za a yi hawan ƙaho ba lafiyayye su ke nema ba. Amma wannan wasa ne na yini guda, ba shi ne kiwo ba.

Abin da aka iya yi ta wannan fuska, ana iya yinsa ta waccan. Akwai waɗansu jajayen shanu na ƙasar Faransa, ana kiransu Limuzin, masu nama ƙwarai. Da aka kai su Amurka sai suka yi suna wajen firgita, har masu saye suka fara gudunsu. Cikin 1991 masu kiwonsu suka taru, suka ce gyaran hali shi ne aikinsu na fari. Suka shiga ba maruƙa lambar nan ta 1 zuwa 6, suna rubuta uban ko wanne. Kafin shekara ta 2000 sun fara buga lissafi mai nuna wane bijimi ne ke haifar lafiyayyu, wane ne ke haifar masu firgita. Masu garke suka riƙa zaɓe da wannan lissafi, irin kuwa ya yi sanyi. Masu kiwon baƙaƙen shanun nan marasa ƙaho da a ke kira Angus, waɗanda asalinsu Sikotilan ne, su ma suka bi sawu.

Masana sun ƙiyasta, in ka raba bambancin hali da ke tsakanin shanun garke kashi 10, wajen kashi 3 zuwa 4 daga gado ya ke. Wannan ba kaɗan ba ne, ya yi daidai da yadda a ke gādon saurin girma. Saboda haka ka fi sa ido kan bijimi. Saniya ɗa guda ta ke ba ka a shekara in ta yi ƙoƙari, bijimi kuwa shi ne uban maruƙan garke duka. Mutum ya kan ga sa mai ƙira, mai tozo, mai faɗin ƙirji, ya ce ai faɗansa alamar ƙarfi ce, ya bar shi yana barbara. Ni a ganina wannan kuskure ne mai tsada, gama shekara uku ba ta cika sai ya ga halin nan ya bazu cikin 'ya'ya. Uwa kuwa sau biyu ta ke ba da nata, ta ba da shi cikin jini, ta kuma koyar da shi. Maraƙi yana kallon uwarsa. In ta ga mutum ta zabura, shi ma ya koyi cewa mutum abin gudu ne.

Iri ma ya bambanta. A Amurka da Ostareliya an san shanu masu tozo, irin su Barahama waɗanda aka samo asalinsu daga Indiya, sun fi marasa tozo saurin zabura. Amma masu kiwonsu sun ce in aka bi da su a hankali tun suna ƙanana, ba waɗanda suka fi su bin mutum. Wannan magana ba baƙuwa ba ce gare mu. Bokoloji, watau gudalin ƙasar Sakkwato, an san shi da sanyin hali, shi ya sa masu turka da masu huɗa ke sonsa. Rahaji kuwa, jajayen nan masu dogon ƙaho na Bararo, baƙo ba ya kusantarsu, amma mai su in ya yi kira sai su bi shi ko cikin kogi. Bunaji yana tsakani. Duk da haka kada ka sayi sa da sunan irinsa kaɗai. Cikin ko wane iri akwai na kirki, akwai na banza.

Ga wata 'yar alama da za ta ba masu dawaki dariya, don sun daɗe suna duba irinta. A goshin saniya akwai inda gashi ya murɗe kamar cibiya. Cikin 1995 aka duba shanu 1,500 a Kolorado, aka ga waɗanda cibiyar nan ta hau sama da idanunsu sun fi tashin hankali cikin akurki bisa waɗanda tasu ta ke ƙasa. Alama ce dai ta galibi, ba hukunci ba.

Hannun makiyayi

In kashi 3 ko 4 na gado ne, sauran fa? Mafi yawansa yana wurin abin da dabba ta gani a duniya, watau hannun mai kiwonta.

Wadda ta fi kowa bayyana wannan a zamaninmu wata Ba'amurkiya ce, Temple Grandin, an haife ta cikin 1947, ta zama malama a jami'ar nan ta Kolorado. Tun tana budurwa, a Jihar Arizona, ta ga shanu suna tirjewa a bakin lungu, ma'aikata suna ta duka da ihu. Maimakon ta tsaya inda mutane ke tsayawa, sai ta shiga lungun da kanta, ta durƙusa daidai tsayin idon sa, don ta ga abin da ya ke gani. Sai ta tarar abubuwan da ke tsai da su ƙanana ne: inuwa ta gitta hanya, sarƙa tana lilo, riga an rataye a shinge, hasken rana cikin ruwan da ya kwanta. Da an kawar da abin sai su wuce ba duka. Daga baya ta tsara lunguna masu lanƙwasa, masu rufaffen gefe, don sa ya riƙa ganin wutsiyar na gabansa kaɗai, yana tsammani inda ya fito za shi koma. Manyan mayankan Amurka da yawa da tsarinta su ke aiki.

Ta kuma koya wa mutane abu biyu da za su amfane ka ko sa ɗaya gare ka. Na fari, ko wace dabba tana da wani fili kewaye da ita, in ka shiga ciki ta matsa, in ka fita ta tsaya. Na saniyar jeji yana da faɗi, na wadda a ke tatsa kuwa kusan babu. Gwanin kora a bakin filin nan ya ke aiki, ya ɗan shiga, in dabba ta motsa ya ɗan ja da baya, ja da bayan nan shi ne ladanta. Na biyu, kafaɗa ita ce ma'auni. In ka tsaya bayan kafaɗar sa, gaba zai yi. In ka tsaya gabanta, baya zai yi. Sau nawa ka ga mutum ya tsaya a gaban sa yana jan igiya, wani yana dukansa ta baya, suna zaginsa wai ya ƙi tafiya? Ai na gaban ne ke ce masa koma. In kuwa sa ya riga ya firgita, sai ya yi minti 20 zuwa 30 kafin zuciyarsa ta kwanta. Ka bar shi ya huce ya fi maka sauri.

Shanu ba su da mantuwa wajen tsoro. Inda aka fara cutar dabba, da irin tufar wanda ya cuce ta, ta kan riƙe su shekaru. Saboda wannan a Ostareliya masu garke da yawa in sun yaye maruƙa ba su sakinsu jeji nan da nan. Su kan tsare su cikin shinge kwana 5 zuwa 10, suna ba su ciyawa da ruwa, mutum yana ratsa su a hankali ko wace rana, a bi da su ta cikin lungu ba tare da an yi musu kome ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

To, duk wannan Bafilatani zai ji ya yi murmushi. Waɗansu masana biyu na jami'ar Kalifoniya, Dale Lott da Benjamin Hart, sun zo Nijeriya ta Arewa sun duba kiwon Filani, suka buga abin da suka gani cikin 1977 da 1979. Abin da ya ba su mamaki shi ne yadda yaro da sanda guda ke sarrafa manyan shanu masu ƙaho, ba shinge, ba doki. Suka ga maraƙi tun yana ɗan kwanaki a ke ɗaure shi a dangwali, yana kwana kusa da mutane. Makiyayi ya kan shafa shi a wuraren da uwarsa ke lasa, har shanu su riƙa zuwa da kansu suna miƙa wuya. Ya kan shige gaba su bi shi kamar shi ne babbansu. In kuwa bijimi ya gwada masa ƙaho, nan take ya ke tsawata masa, ba ya bari sai gobe. Watau sanda tana nan, amma tana da lokacinta, dabba kuwa ta san laifin da ya jawo ta.

Inda mu ke ɓata abin shi ne bayan sa ya bar ruga. Dabbar da ta shekara biyar ba ta san kowa ba sai mai ita, ran nan guda a raba ta da garke, a kai ta kara cikin hayaniya, 'yan kora su sa mata kulki, a murɗe mata wutsiya har wani lokaci ta karye, a tura ta mota a cushe da baƙin shanu. Daga Kano zuwa Ikko wajen kilomita 1,000 ne, sau da yawa ba ci ba sha. Duk naman da ya zube a wannan hanya, da wanda jini ya kwanta a ciki, wani ne ya biya kuɗinsa.

Kai mai sayen sa don turka, kada ka yi gaggawa a kara. Tsaya nesa tukuna ka duba. Wanda ya ɗaga kai sama ya fi sauran, kunnuwa a tsaye, farin idonsa a waje, yana kaɗa wutsiya ba kuwa ƙuda, yana zawo in an taɓa shi, wannan zai ci dusarka da harawarka bai biya ka ba. Matsa a hankali ta wajen kafaɗa ka ga taku nawa zai bari ka kusato. Amma ka yi masa adalci, kara wurin tsoro ne, wanda ya sha duka da safe ba zai nuna halinsa na gaskiya ba. In ka kai shi gida, ɗaure shi a inuwa inda zai riƙa ganin wata dabba, gama sa ba ya son kaɗaici. Mutum ɗaya ya riƙa ba shi abinci, a lokaci ɗaya, yana yi masa magana. Ka hana yara tsokanarsa. In ya yi mako biyu ko uku bai sauko ba, mai da shi kasuwa tun hasara ba ta yi yawa ba.

Lafiyayye ma sa ne

Kada wani ya karanta wannan ya ce duk sanyi alheri ne. Saniyar da ke kwana a jeji inda kura ke yawo tana bukatar kunne da ƙaho. Wadda ta haihu jiya, in ta taso maka don ka taɓa ɗanta, ba mugun hali ba ne, aikinta ta ke yi, bayan 'yan kwanaki za ta sauko. Wadda ya kamata a fitar daga garke ita ce mai neman mutum ba dalili, da ɗa ko ba ɗa. Haka kuma dabbar da ta yi shiru ƙwarai, kunnuwa a sake, ba ta kula da kome, duba ta da kyau, watakila ciwo ne ba hali ba.

Bijimi kuwa, kome sabonka da shi, kada ka ba shi baya. Wanda ya fi haɗari ma shi ne maraya da aka rena a gida shi kaɗai, yara suna wasa da kansa suna tura goshinsa. Wannan ya tashi yana ɗaukar mutum ɗan'uwansa ne. Ran da ya balaga zai nemi ya gwada ƙarfi da kai yadda bijimai ke yi da juna, ba ya kuwa jin tsoronka ko kaɗan. Don haka maraƙi namiji a bar shi ya tashi cikin shanu, in za a shafa shi a shafa wuya da kafaɗa, ban da goshi.

Kafin bijimi ya taso ya kan yi gargaɗi. Zai juya maka gefensa don ka ga girmansa, ya gantsare wuya, ya sunkuyar da kai, ya shiga tonon ƙasa da kofato yana huci. In ka ga haka kada ka juya ka sheƙa, gama ya fi ka gudu. Ka fuskance shi, sandarka a hannu, ka riƙa ja da baya a hankali, har ka sa itace ko shinge tsakaninka da shi. Wanda ya yi maka haka sau biyu, kada ka sayar wa maƙwabci don barbara, kai shi wurin Sarkin Fawa.